Riƙon Ajin Nazare a Makarantar Kuɗi: Jagora ga Sabuwar Malama

Ranar da aka fara miƙa mini ajin nazare, yara ashirin da bakwai na tarar a ɗakin. Kusan rabinsu suna kuka. Wani ya rungume ƙofa yana kiran mamarsa, wata ta yi fitsari a tsaye ba ta gaya wa kowa ba. Ni kuwa ina riƙe da littafin shirin darasi da na kwana ina rubutawa, kuma har aka tashi ban samu damar buɗe shi ba. Abin da zan gaya miki a nan, 'yar'uwa, shi ne abin da na so a ce wani ya zaunar da ni ya gaya mini kafin wannan safiyar. Da mace nake magana domin mata ne suka fi yawa a wannan aji, amma malami namiji ma zai tsinci nasa.

Ki sani tun yanzu cewa za a ja ki ta fuska biyu. Iyaye sun biya kuɗi, suna son ganin littafi cike da rubutu, su ji yaro yana zuba Turanci. Shi kuma yaro ɗan shekara huɗu abin da jikinsa da ƙwaƙwalwarsa suke nema daban ne: wasa, magana, motsi, da babba wanda zai amince da shi. Duk matakan da ke ƙasa hanya ce ta ba yaron haƙƙinsa ba tare da kin ɓata da iyayensa ko mai makaranta ba.

Mataki na farko: kafin ki ce kin karɓi aikin

A Najeriya takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, kuma kwalejojin ilimi suna da sashe na musamman na renon yara da ilimin ƙuruciya. Idan ba ki da ita, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, tana ba da karatu daga nesa wanda za ki iya haɗawa da aiki. Ki kuma yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai. Makarantun kuɗi da yawa ba sa tambayar waɗannan takardu, amma su ne za su ba ki bakin magana ranar da za ki nemi ƙarin albashi ko canjin wuri.

Ranar ganawa da mai makaranta kada kunya ta hana ki tambaya. Nawa ne albashin, kuma ranar nawa ga wata ake biya? Ana biya a watannin hutu? Wannan ita ce tambayar da sababbin malamai suka fi mantawa, sai watan Agusta ya zo su ji shiru. Yara nawa ne a ajin? Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 25 a wannan mataki. Idan sun haura haka, ki nemi a haɗa ki da nani, wato mai taimaka miki da renon yaran. Wa ke kai yara banɗaki, wa ke wanke wanda ya ɓata jikinsa? Wa ke sayen alli, kwali da fensirin kala? Duk abin da kuka yarda a kai, ki roƙi a rubuta a takarda ku sa hannu. Ba rashin yarda ba ne, kariya ce gare ku duka biyun.

Mataki na biyu: ki durƙusa ki kalli ɗakin

Kwana biyu ko uku kafin a koma, ki je ajin ki durƙusa a tsakiyarsa, idonki ya zo daidai da na yaro. Daga nan za ki ga ƙusar da ta leƙo daga benci, da soket ɗin da ba a rufe ba, da hotunan da aka liƙa can sama kusa da silin inda babu yaron da zai gan su. Ki sauko da su. Ki zaga harabar makarantar ki duba rijiya, ramin sokawe da inda ake ajiye janareta.

Ki matsar da bencina gefe ki shimfiɗa tabarma a tsakiya, domin yawancin karatunku a zaune a ƙasa za a yi shi. Ki ware kusurwa uku ko huɗu: ta littattafan hoto, ta kayan ƙirga, ta wasan gida da 'yan tukwane da ludayi, sai ta zane da yumɓu. Ba sai an kashe kuɗi ba. Murafen kwalba, gwangwanin madara da aka daddale bakinsa, kwalin taliya, ƙyallayen da tela ya zubar, tiren yashi mai laushi, duk kayan aiki ne. Sai dai duk abin da zai iya shiga hanci ko maƙogwaro, irin su wake da ƙwallon dabino, kada ya fito sai kina zaune tare da su, kuma ki ƙirga shi kafin ki mayar.

A bakin ƙofa ki ajiye bokiti mai famfo da sabulu. Kowane yaro ki yi masa wurin rataye jaka, ki rubuta sunansa da manyan haruffa tare da ɗan hoto, kifi ko mota ko kaza. Sunansa shi ne kalmar farko da zai fara ganewa a rubuce.

Mataki na uku: makonni biyu na farko ba na karatu ba ne

Ki tsaya a ƙofa kowace safiya ki karɓi kowane yaro da sunansa, sunan da ake kiransa da shi a gida, ba na rajista kaɗai ba. Yaron da aka rubuta Muhammad amma gida ana ce masa Abba ko Khalifa ba zai waiwayo ba idan kin kira Muhammad. Ki tambayi mahaifiyarsa tun ranar farko.

Mai kuka kada ki ce masa ya yi shiru ko ki kira masa dodo. Ki zauna kusa da shi ki ce, "Mama za ta dawo bayan mun ci abinci mun yi waƙa." Yaro bai san ƙarfe goma sha biyu ba, amma ya san bayan abinci. Ki roƙi iyaye kada su sulale su gudu. Su yi sallama a taƙaice su tafi. Wanda aka gudu aka bari shi ne yake kwana biyar yana gadin ƙofa.

A waɗannan makonni abin da za ki koyar shi ne yadda ake zaman aji: yadda ake jera layi, yadda ake neman izinin banɗaki, inda ake ajiye takalmi, yadda ake wanke hannu, da alamar da ke nufin kowa ya tsaya ya saurara. Ni tafi uku nake yi, su amsa da uku. Ki nuna da jikinki, ku maimaita kullum har ya zama jiki. Za ki ji kamar ana barin ki a baya idan kin ga ajin maƙwabta sun fara cika littafi. Ki daure. Lokacin da kika zuba a nan zai dawo miki ninki kafin ƙarshen zango, domin ajin da ya san tsari ba ya cin rabin darasi wajen tsawa.

Mataki na huɗu: tsara yini

Ɗan shekara huɗu ba ya iya zama wuri ɗaya yana sauraro fiye da minti goma zuwa sha biyar. Saboda haka ki yanka yinin gunduwa-gunduwa, zama ya biyo bayan motsi, motsi ya biyo bayan zama. Da safe, lokacin da hankalinsu yake sabo, ku zauna da'ira: gaisuwa, addu'a bisa tsarin makarantar, yau wace rana ce, wa bai zo ba. Daga nan sautin haruffa, sai waƙa mai tsalle, sai ƙirga, sai a fita tara. Bayan tara a wanke hannu, a shiga kusurwoyi rukuni-rukuni, ke kuma ki zauna da yara biyar ko shida kina duba hannunsu ɗaya bayan ɗaya. Tatsuniya ta zo ƙarshe, lokacin da jiki ya yi laushi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2019, ta ce yara 'yan shekara uku zuwa huɗu suna buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini, da barcin awa 10 zuwa 13 har da na rana. Don haka wanda ya ɓingire da barci bayan tara, ki gyara masa kwanciya a tabarma. Ba lalaci ba ne.

Ki kuma bi yanayi. A hunturu, Disamba da Janairu, yara suna zuwa da mura da fasasshen leɓe, wasan waje sai rana ta ɗaga. A bazara, Maris zuwa Mayu, ki juya tsarin: waje da sassafe, inuwa da shan ruwa akai-akai idan rana ta take.

Mataki na biyar: harshe, sauti da rubutu

A nan ne za ki fi shan matsi, don haka zan daɗe a kai.

Makarantu da yawa suna hana Hausa kwata-kwata a aji. Na fahimci dalilinsu, Turancin ne iyaye suka zo saye. Amma yaron da aka hana shi harshen da ya iya, ba Turanci yake koya ba, shiru yake koya. A bugun farko na manufar ilimi ta ƙasa a 1977 an rubuta cewa a wannan mataki a koyar da harshen uwa ko na al'ummar da ke kewaye. Abin da nake yi, kuma na ga amfaninsa, shi ne in shigar da sabon abu da Hausa har su gane, sannan in ɗora masa kalmar Turanci, in yi ta maimaita ta da hoto da motsi. Umarnin yau da kullum, irin su zauna, tashi, zo nan, wanke hannu, su ne farkon abin da nake mayarwa Turanci zalla, domin jiki yana nuna ma'anarsu. Idan yaro ya amsa da Hausa, in karɓa, in maimaita masa da Turanci ba tare da na ce ya yi kuskure ba. Ki bayyana wa shugabar makaranta wannan tsari tun farko, kada ta wuce ta taga ta ji Hausa ta ɗauka sakaci ne. Idan kuma akwai yaran da Hausa ba harshen gidansu ba ce, ki koyi gaisuwa da kalmomi kaɗan na harshensu daga bakin iyayensu.

Wajen karatu, ki koyar da sautin harafi kafin sunansa. Rera A, B, C daga farko har ƙarshe waƙa ce kawai. Yaro zai iya rera ta shekara biyu bai karanta kalma ɗaya ba. Tsarin Jolly Phonics, wanda makarantu da yawa a ƙasar nan suke bi, ya kasa sautukan Turanci 42, yana farawa da s, a, t, i, p, n, domin da waɗannan shida kaɗai yaro zai iya haɗa ƙananan kalmomi. Sauti ɗaya ko biyu a mako ya isa a farko. Ki nuna harafin, ku furta, ku nemo abubuwan da suka fara da shi, ku zana shi a iska da yatsa, sannan a yashi.

Ki lura da "p". Babu shi a Hausa, shi ya sa yaranmu suke mayar da shi "f". Ki yanko 'yar takarda ki riƙe a gaban leɓenki: idan kin rufe leɓe kin fasa da "p" takardar za ta yi tsalle, idan kin ɗora haƙoran sama a leɓen ƙasa kin ja "f" sai ta kaɗa a hankali. Ki ba kowa tasa takardar. Suna son wannan wasa ƙwarai, kuma yana gyara abin da wasu suke kaiwa har jami'a ba su gyara ba. Haka "v", da kuma ɗabi'ar cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu. Ki fara gyara naki furucin, domin bakinki suke kwafa.

Idan makarantar tana haɗa boko da Islamiyya, yaran suna koyon rubutu biyu a lokaci ɗaya, ɗaya daga dama, ɗaya daga hagu. Za ki ga wani ya fara rubutun boko daga dama, ko ya juya harafi. Kada ki tsorata. Ki sa ɗigo kore a gefen hagu na shafi ki ce daga nan mota take tashi. Juya "b" da "d" abu ne da aka saba gani a wannan shekaru.

Rubutu kuwa, hannu ake fara shiryawa kafin fensir. Yatsun ɗan shekara uku ba su yi ƙwarin da za su cika shafi ba. Ki ba su yumɓu su murza, takarda su yayyaga, igiya su zura a murafen da aka huda, su ɗauki abu da yatsa biyu su sa a gwangwani. Daga nan zane a yashi, sai alli a ƙaramin allo, sai fensirin kala mai kauri, sannan fensir. Layi a tsaye, layi a kwance, da'ira, kafin harafi. Kada ki kama hannun yaro ki rubuta masa don littafi ya yi kyau. Iyaye za su yaba, amma malamar aji ɗaya za ta karɓi yaron da bai iya komai ba. Bahago kuma ki bar shi da hagunsa wajen rubutu. Idan iyaye sun damu, ki gaya musu koya masa ci da dama abu ne daban, rubutu daban.

Lissafi ma haka. Yaron da ke rera ɗaya zuwa ɗari ba lallai ya san biyar ba. Ki zuba murafe bakwai ki ce ya ba ki biyar. Idan ya kwaso duka, ko ya ƙirga yana tsallake wasu, to nan aikinki yake. Ku ƙirga takalma a bakin ƙofa, ku raba kofuna, ku ware manya da ƙanana, ja da kore. Gara ya san ɗaya zuwa goma sani na haƙiƙa da ya haddace ɗari.

Kada ki raina abin da muka gada. Da kin ce "Ga ta nan, ga ta nanku," aji zai yi tsit ya amsa "Ta zo mu ji ta." Labarin Gizo da Ƙoƙi yana koyar da sauraro da jeranta abin da ya faru; bayan ƙurunƙus ki tambaye su me ya fara faruwa, sai me, da kai ne Gizo me za ka yi. Kacici-kacici yana kaifafa tunani, waƙoƙin gaɗa suna koyar da amo da karɓa-karɓa, 'yar gala-gala tana koyar da ƙirga da daidaita jiki. Shi kansa Friedrich Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa irin wannan aji suna a 1840, sunan da ya ba shi, wato Kindergarten, yana nufin lambun yara, kuma a kan wasa da waƙa ya gina shi.

Mataki na shida: ladabtarwa

Ki ajiye bulala. Yaron da ake duka yana koyon tsoron malama, ba ya koyon dalilin da ya sa abin da ya yi ba daidai ba ne, kuma wanda ke cikin tsoro ba ya ɗaukar karatu. Dokokin aji su zama kaɗan, uku ko huɗu, a faɗe su da abin da ake so: muna tafiya a hankali, muna magana ɗaya bayan ɗaya, hannu na taimako ne. Idan wani ya yi duka ko cizo, ki fara kula da wanda aka cuta, sannan ki durƙusa ki kalli mai laifin ido da ido ki gaya masa a gajarce. Ya zauna kusa da ke na 'yan mintuna, ya ba da haƙuri, ya koma wasa. Ki yawaita yabon abin kirki da sunan mai shi: "Na ga yadda Ummi ta taya ƙawarta ɗaukar jaka." Kalmomi irin su daƙiƙi da sakarai kada su fito daga bakinki, kuma kada ki yarda nani ta faɗe su. Sau da yawa yaron da ya fi damun aji yunwa yake ji, ko barci, ko an yi masa ƙani a gida.

Mataki na bakwai: lafiya da tsaro

Ki buɗe littafi na musamman: lambar waya biyu ga kowane yaro, wanda aka yarda ya ɗauke shi, da duk wata lalura, musamman sikila, asma, farfaɗiya ko abincin da jikinsa ba ya so. Mai sikila yana buƙatar ruwa sosai da kariya daga sanyi, kuma idan ya ce ƙashinsa na ciwo ki kira gida nan take. Da safe, kina gaisawa kina dubawa: jan ido, ƙuraje, makero a kai, zafin jiki. Ƙyanda da ƙarambau suna bin aji kamar wutar daji, don haka mai alamarsu ya koma gida. Kada ki ba yaro magani ba da izinin iyayensa ba. Idan zazzaɓi ya kawo jijjiga, ki kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki, a nufi asibiti ana kiran iyaye a hanya.

Lokacin tashi ya fi kowane lokaci haɗari. Kada ki miƙa yaro ga wanda ba ya cikin littafinki, ko da yaron ya ruga ya rungume shi yana cewa kawu. Ki kira mahaifiyar tukuna. Idan an canza mai A Daidaita Sahun da ke ɗaukarsu, sai iyaye sun sanar. Ki ƙirga yaranki duk lokacin da kuka fita da duk lokacin da kuka dawo. Hotunansu kuma ba na shafinki na Facebook ko TikTok ba ne.

Mataki na takwas: iyaye, jinga da sakamako

Wata rana wata uwa za ta tare ki ta ce ɗan maƙwabciyarta yana rubuta ɗaya zuwa ɗari, nata kuwa wasa da yashi kawai yake yi. Kada ki ji haushi. Kuɗinta da ɗanta take kishi. Ki ce, "Hajiya, bismillah shigo ki gani." Ki zuba murafe ki ce yaron ya ba ta shida, ki nuna masa haruffa uku ya haɗa ya karanta mata. Abin da ido ya gani ya fi dogon bayani. Saboda irin wannan rana nake ajiye wa kowane yaro jakar kwali da zanensa na makon farko da na kowane wata, da kwanan wata a jiki. Idan aka jera su, ci gaban yana fitowa fili.

Kada kiranki na farko ga iyaye ya zama na ƙara. Ki fara aika labari mai daɗi, ko da layi ɗaya ne a WhatsApp. Matsalar yaro kuwa a keɓe ake faɗarta, ba a zauren iyaye ba, ba kuma a bakin ƙofa gaban jama'a ba. Idan kin lura yaro ba ya waiwayowa in an kira shi ta baya, ko yana matso da littafi dab da ido, ko maganarsa ta yi ƙasa sosai da ta tsaransa, ki faɗi abin da kika gani kawai, ki ba da shawarar a kai shi asibiti a duba. Sanya wa lalura suna aikin likita ne.

Jinga, idan makaranta ta wajabta, ki ba da wadda ba ta wuce minti goma ba kuma yaro zai iya da kansa: ya nemo abu uku a gida da suka fara da sautin "s", ya ƙirga cokulan gidansu. Shafi uku na kwafe yayarsa ce za ta rubuta.

Ƙarshen zango za a nemi jarrabawa da maki. Ki yi ta baki da baki, yaro ɗaya bayan ɗaya, cikin wasa, a kwanaki da dama. Idan kina da ta cewa, ki roƙi a daina jera 'yan nazare na ɗaya zuwa na ƙarshe. Tsakanin wanda aka haifa a Janairu da wanda aka haifa a Disamba akwai kusan shekara guda, kuma a wannan shekaru tazara ce babba. Idan ba a yarda ba, ki cika gurbin sharhin malama da abin da yake gaskiya game da wannan yaron shi kaɗai: ya san sautuka goma sha biyu, yana ƙirga abu har takwas, ya fara raba kayan wasa da abokansa, yana buƙatar ƙarin aikin yatsu.

A zango na uku shirin bikin yaye ɗalibai yakan cinye makonni. Ki zaɓi waƙoƙi da karatun da suka riga suka iya, atisaye ya zama minti ashirin a yini, kuma kowane yaro ya samu abin da zai yi a gaban iyayensa, har mai jin kunyar nan da ba ya ɗaga murya. Kafin a rufe makaranta a watan Yuli, ki zauna da malamar da za ta karɓe su, ki miƙa mata jakunkunan kwalin nan da littafin lafiya, ku bi sunayen ɗaya bayan ɗaya: wane ne bahago, wace ce mai sikila, wa yake buƙatar zama gaba saboda idonsa, da sunan da ake kiran kowannensu da shi a gida.